Idon da Ke Ganin Ɗumi

Ƙarfe biyun dare a Ebute Meta,
bene hawa huɗu ya durƙusa kamar raƙumin da kaya suka fi ƙarfinsa.
Ruwa ya ɗauke. Janareto na tari.
Oga Bamidele ya ɗaga hannu, katafila ta yi tsit,
ya ce, "Sallau, kawo idonka."

Idona na cikin jaka, naɗe da tsohuwar singileti,
bai kai girman kwanon sha ba.
Ba ya ganin launin riga, ba ya karanta tsagar fuska,
bai san Bayarabe ba, bai san Bahaushe ba.
Ɗumi kaɗai ya sani.
Mai rai fari ne a allonsa,
sauran duniya toka.

Na san wansa.
Wan nauyi gare shi, a kan bindiga ake ɗaura shi.
Shi na riƙe shekara shida a dajin gabas
ina kofur, ina kwance cikin ƙarangiya.
A can ma mai rai fari ne.
Wani dare fari uku suka fito daga gindin ƙirya,
biyu dogaye, ɗaya gajere.
Aka ce in ƙirga, na ƙirga.
Abin da aka ce bayan nan, bar shi a cikina.
Na dai ga yadda fari ke dusashewa
kamar garwashin da aka bar wa asuba
har ya koma launin ƙasa.
Gajeren ya riga su hucewa.
Har yau ban sani ba ko akuya ce.
Kullum roƙona Allah ya sa akuya ce.

Ƙanen nan ya fi wansa gani.
Da rana da shi nake zaga ɗakunan wuta na Apapa
ina nuna wayar da ke zazzaɓi tun kafin ta kama.
Amma kankare ya fi ƙarfinsa,
ba boka ba ne.
Sai tsaga, sai rami,
sai inda numfashi ya sami hanya.

Na rarrafa kan ɓaraguzai, rodi ya yage mini wando.
Fari na farko tukunyar wake ce, ba ta gama hucewa ba.
Na biyu kyanwa, ta yi mini huci ta wuce.
Wata mata a bayan igiya tana kiran Morenike, Morenike,
muryar ta dishe, sunan bai dishe ba.

Ƙarƙashin matattakala, tsakanin bulo biyu,
wani tururi da idon mutum ba ya kamawa
yana fitowa, ya tsaya, ya sake fitowa.
Na riƙe numfashina don in ƙirga nasa.
Sai ga yatsu. Huɗu. Na biyar yana cikin yashi.
Fari ne, amma toka ta fara sirka shi.
Na san wannan launi.
Na san minti nawa suka rage a bayansa.

Na ƙwala ihu da Yarabancin da na tsinta a kasuwar tumatir,
Hausa ta ƙwace mini a tsakiya,
kowa ya gane.
Shebur, hannu, bokiti, hannu.
Na ajiye na'urar,
na zura hannu cikin tsagar har kafaɗa
na kama yatsun.
Sanyi gare su.
Suka matse nawa.

Da aka fito da ita wajen assalatu
ban ko dubi fuskarta ba.
Na koma na ɗauki idona, batir saura layi ɗaya.
A jikin bulon da ta dafa
sawun tafinta na nan, ƙarami, fari.
Na tsaya ina kallo har ya ɓace.
Karo na farko ke nan da fari ya ɓace a gabana
mai shi kuwa tana can cikin mota
tana kuka, tana neman ruwa.